Kafin Ka Goge Ƙarar da Ke Cikin Faifai

Ka ce, "Maigida, an kawo faifan Congotronics na Konono No.1 a juya shi zuwa kwamfuta, amma sautin yana ɓarkewa kamar sifika ta yage. In tace shi?" Kada ka taɓa shi, yaro.

Wannan tsatsar da kake ji ita ce kiɗan. Mutanen Kinshasa ne, likembe suke kaɗawa, wato ɗan katako mai jerin ƙarafa da ake taɓawa da manyan yatsu. Da maganaɗisun tsofaffin motoci suka haɗa abin ɗaukar sautin, suna fitar da shi ta lasifika irin ta shela. Haka faifan ya fito a 2004, haka masu shi suke son sa.

Abin da ya kamata kunnenka ya iya shi ne rarrabe ƙarar ganganci da ta lalacewa. Faifan garmaho mai gudun 33 da sulusi a minti yana kewayawa sau ɗaya cikin daƙiƙa 1.8. In "ƙas" na dawowa daidai wannan tazara, karce ne a jikin faifan, cire shi. Gunji mai kauri wanda ba ya sauyawa ko makaɗa sun yi shiru, na wutar lantarki ne, duba wayar ƙasa ta garmahon. A kaset kuwa, in sauti ya dushe, goge kan injin da auduga da sifirit, sannan ka juya ɗan sukurunsa a hankali har sautin ya buɗe. In yana lilo, bel ya saki ko robar da ke matse zaren ta gaji.

Amma a faifai irin na Konono, ƙarar da ke tashi in makaɗi ya buga da ƙarfi, ta kwanta in ya sassauta, ta makaɗan ce.

Akwai masu rikitarwa fiye da haka. A 1965 Steve Reich, wani mai tsara kiɗa ɗan Amurka, ya ɗora murya ɗaya a injinan zaren sauti biyu, ɗaya na ɗan tsere wa ɗaya, har kalmomin suka narke suka zama kiɗa. William Basinski kuwa, shi ma mai tsara kiɗa ɗan Amurka, tsofaffin zaruruwansa na sauti ne suka riƙa zubar da garin da ke riƙe sautin yana cikin juya su zuwa kwamfuta, ya bar su suna ruɓewa, ya fitar da hakan a faifai a 2002. Mai gaggawar gyara sai ya kashe aikin gaba ɗaya. Ko kaset ɗin Mamman Sani, makaɗin ogan na Nijar, na 1978, in ka matsa wa "shuuu" ɗinsa da tacewa, siririn amon ogan ɗin zai bi shi ya tafi.

Saboda haka fara sauraron faifan tun daga farko har ƙarshe, hannunka a aljihu. Ka ɗauka a bit 24, wato ma'aunin ingancin ɗaukar sauti a kwamfuta, kada tsinin sauti ya wuce desibel 6 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti. Ajiye wannan ɗanyen kwafi daban, gyara kuma a kan na biyu.