Na halarci bita har sau biyu, amma tallafin bincike ya ƙi samuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ƙaramin malami ne a wata jami'a a jihar Kebbi, fannina aikin gona. Sau biyu ina halartar bitar koyon rubuta takardar neman tallafin bincike, kowace ta kwana uku, har da shahada. Bayan nan na aika takarda biyu: ɗaya ko amsa ban samu ba, ɗayar kuma aka ce ba ta tsallake matakin farko ba. Bincikena a kan asarar albasa ne a wurin ajiya. Turancina ne bai kai ba, ko kuwa sai da hanya ake samu? Sannan sashenmu zai shirya wata bitar, an sa ni a kwamiti. Me ya kamata mu sa a cikinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Takardar da ta faɗi a matakin farko da wuya a ce Turanci ne ya kayar da ita, don a wannan matakin galibi ba a kai ga auna daɗin rubutu ba. Ma'aikacin ofis ne ke zaune da jerin sharuɗɗa yana dubawa: mai nema ya cancanta? Ya tsaya a adadin shafukan da aka ƙayyade? Kuɗin da ya nema bai haura iyaka ba? Akwai sa hannun hukumar jami'a? Ta iso kafin wa'adi? Ɗaya daga ciki ya kuskure, an ture ta gefe, farfesan da zai karanta ma bai san da zamanta ba. Saboda haka kafin ka zargi hanya, ɗauko sanarwar da ka amsa da takardar da ka aika, ka jera su a kan tebur, ka bi sanarwar da jan biro kana ja wa kowane "wajibi ne" layi. Sau da yawa a nan za ka ga inda gizo ke saƙa.

Ka kuma tabbatar ƙofar da ka ƙwanƙwasa daidai take da matsayinka. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun gwamnati wadda dokar 2011 ta kafa, tana da ƙofofin bincike biyu da malamai suka fi sani. Akwai tallafin cikin gida da ake kira IBR, wanda ke bi ta kwamitin bincike na makarantarka, kuɗinsa kaɗan ne amma gasarsa da sauƙi. Akwai kuma asusun bincike na ƙasa, NRF, wanda gasa ce ta Najeriya baki ɗaya: a fara da taƙaitaccen bayani, wanda ya tsallake a nemi cikakkiyar takarda, sannan tawaga ta je ta kare ta a gaban kwamiti. Ƙaramin malamin da bai taɓa riƙe tallafi ya rufe lissafinsa ba, ya fi masa ya fara da na cikin gida, ko ya shiga tawagar babban malami a na ƙasa. Jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau duka a 2013 aka kafa su, ta aikin gona ta Zuru ma ta fi su ƙuruciya, don haka babu abin kunya a jingina da na gaba. Ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ga NSPRI mai binciken ajiyar amfanin gona, wadda hedikwatarta ke Ilori kuma tana da reshe a Kano. Sunan abokin aiki ɗaya daga can, da wasiƙarsa ta amincewa, ya fi shafi uku na yabon kai.

To, mu shiga cikin takardar. "Manoman Aliero na asarar albasa" kuka ne, kowa a kasuwa ya san shi, ba tambayar bincike ba ce. Tambaya ita ce irin wannan: tsakanin rumbun kara da manoma suka saba da shi, da rumbun da aka ɗaga ƙasansa iska na bi ta ƙarƙashi, da shanya a ɗaki, wanne ne ya fi rage ruɓewa da tsiro da raguwar nauyi cikin mako 16? Da zarar ka rubuta ta haka, sauran takardar ta miƙe. Manufofi kada su wuce uku. Kowace manufa ta haifi aikin da za a yi, kowane aiki ya samu gurbi a jadawali, kowane gurbi ya samu layi a kasafi. Mai tantancewa zaren nan yake bi. In ya tarar da manufar horar da mata masu sarrafa albasa amma babu ko sisi na horo a kasafi, ko ya tarar da kwamfutar hannu biyu da injin buga takardu alhali babu aikin da ke buƙatar su, ya gane an haɗa takardar ne da gaggawa.

Kasafi shi ne wurin da ya kamata a daɗe, kuma shi ne bitoci suka fi tsallakewa da sauri a yammacin rana ta uku, lokacin da kowa ke jiran alawus. Ɗauki misalin naka da alƙalami. Irin ajiya uku, ƙauye uku, kowane iri a maimaita shi sau biyu a kowane ƙauye: wuraren ajiya 18 ke nan. Buhu biyar a kowanne, buhu 90. Awo duk mako biyu na tsawon mako 16 ya kama sau takwas, a haɗa da awon ranar zubawa, tafiya tara zuwa kowane ƙauye, wato tafiya 27. Yanzu kuɗin mai, da na mataimaka biyu, da sikeli, da na'urar auna zafi da laima a kowane wurin ajiya, duk suna da lissafin da za a iya nunawa. Haka ake rubuta kowane layi: adadi, sau nawa, farashin ɗaya, jimla, sannan jimla ɗaya ko biyu da ke bayyana dalili. Layin da aka rubuta "zirga-zirga" aka ɗora masa dunƙulallen miliyan ɗaya, shi ake fara yankewa. Farashin kayan aiki a karɓo shi a rubuce daga 'yan kasuwa uku, a duba ko harajin VAT na kashi 7.5 yana ciki, don sayen kayan jami'ar gwamnati yana bi ta ƙa'idojin sayen kaya, ba malami ne zai shiga kasuwa da kuɗi a aljihu ba. Kayan da za a shigo da su daga waje kuma, a rubuta farashin canjin da aka yi lissafi da shi da ranar da aka ɗauke shi. Waɗanda suka yi kasafi da naira a farkon 2023, dala tana ƙasa da 500 a hukumance, sun ga yadda ta haura 1,500 a 2024 kayan ba su iso ba.

Akwai kuma abin da mutumin birni mai karanta takardarka ba zai tuna maka ba: lokaci. Albasar rani tsakanin Fabrairu da Afrilu ake cire ta, a lokacin take araha. Idan kason farko na kuɗi ya faɗo a watan Yuli, buhunan nan 90 sun yi tsada, albasar ma ta riga ta yi watanni a ajiye, gwajin ya tashi daga abin da ka rubuta. Don haka jadawali a rubuta shi da "wata na ɗaya, wata na biyu" daga ranar sakin kuɗi, kuma a faɗa ƙarara cewa gwajin yana jiran lokacin cira. Haka nan batun tsaro. Wanda zai yi aiki a ƙauyukan Zamfara ko yankin Zuru kada ya ɓoye shi, masu ba da kuɗi suna jin labarai. A rubuta ƙauyukan da za a koma in hanya ta ƙi, da yadda za a yi aiki da malaman gona mazauna wurin, da kuɗin wayar da hakan zai ci. Wanda ya yi shiru a kan wannan, ana ɗaukarsa ko bai san filin ba ko yana rufa-rufa.

Izinin kwamitin ɗa'ar bincike shi ma a neme shi da wuri. Ko hira kawai za ka yi da manoma, kana buƙatar takardar neman yarda da Hausar da manomi zai gane in an karanta masa. Abokan aikinka na fannin lafiya, misali masu bin sawun gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, nasu ya fi tsauri: jinin yaro sai da yardar iyaye, fitar da samfur waje kuma sai da yarjejeniya a rubuce.

Tallafin ƙasashen waje yana da shingen da malami ba zai iya tsallake shi shi kaɗai ba, komai iya rubutunsa. Mai neman kuɗin gwamnatin Amurka, kamar na hukumar binciken lafiya ta NIH, sai jami'arsa ta yi rajista a shafin gwamnatin Amurka na SAM.gov ta samu lambar shaida ta UEI, wadda ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS a Afrilun 2022. Rajistar kan ɗauki makonni, kuma duk shekara ake sabunta ta. NIH tana ba makarantun waje kashi 8 cikin ɗari a matsayin kuɗin ɗawainiya, wasu masu bayarwa sun fi haka, wasu ba sa ba da komai, saboda haka dole jami'a ta san nata matsayin kafin a zauna rubutu. Abin da ke hannunka kai shi ne lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike da ake samu ta intanet: kyauta ce, ba ta cin minti goma, ka zuba maƙalunka a ciki yau.

Samun tallafin ma rabin tafiya ne. Yarjejeniya da jami'a ake ƙulla ta, ba da malami ba, kuɗin kuma kashi-kashi yake zuwa, na gaba ba ya fita sai an karɓi rahoton aiki da lissafin na baya, abin da ma'aikata ke kira ritayar kuɗi. A nan mutane masu gaskiya ke shiga uku. Mai babur ɗin da ya kai ka ƙauye ba shi da rasit, mai saƙa rumbu ba shi da rasit, watanni takwas sun wuce, odita ya ce a kawo shaida. Maganin takarda ɗaya ce da za ta riƙa bin ka fili: suna, aikin da aka yi, kuɗi, kwanan wata, lambar waya, sa hannu ko dangwale, a cika ta nan take, a ɗauki hotonta da waya kafin a baro garin. Ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani, ko da dalilin a bayyane yake, sai da izini a rubuce. Ƙarin lokaci kuma tun wa'adi bai cika ba ake neman sa. Malami ɗaya da ya ƙi rufe lissafinsa kan jawo wa na bayansa tsaiko, shi ya sa kwamitoci ke ɗari-ɗari da sabon hannu.

Bitar da za ku shirya kuwa, shawararmu ita ce ku rage taro ku ƙara aiki. Mutum 15 zuwa 20 sun isa. Sharaɗin shiga: kowa ya zo da sanarwar tallafi ta gaske wadda wa'adinta bai wuce ba, da daftarin shafi biyu, komai muninsa. Wanda bai kawo ba ya jira zagaye na gaba, ko da shugaban sashe ne. Ku gayyato akanta daga ofishin ma'ajin jami'a, da odita na cikin gida, da jami'in sayen kaya, da ma'aikacin ofishin bincike, su zauna a tebur ɗaya da malamai su yi aikin tare, ba su zo buɗe taro su tafi ba. Yawancin rigimar da ke tashi daga baya, malami na cewa an danne masa kuɗi, akanta na cewa takardu ba su cika ba, daga rashin wannan zaman take. Su ma'aikatan suna da ƙungiyar da ke horar da irinsu a Afirka ta Yamma, WARIMA, yana da kyau jami'a ta tura mutum ɗaya ko biyu.

Kwana biyun farko: rana ɗaya a kan karanta sanarwa da gyara tambayar bincike, rana ɗaya cur a kan kasafi, kowa da kwamfutarsa a buɗe da Excel, akanta na zagayawa. Sai a watse na mako biyu kowa ya je ya rubuta. A dawo a yi kwana ɗaya ko biyu ana tantance juna: kowace takarda mutum biyu da ba fanninsu ba ne su karanta, su ba ta maki da ainihin ma'aunin da ke cikin sanarwar, mai takarda yana zaune yana saurare ba ya kare kansa sai sun gama. Akwai ɗaci, amma in malamin tarihi ya kasa faɗin abin da za ka auna a rumbun albasa bayan ya karanta shafinka na farko, gara ka ji daga bakinsa. Mai koyarwar da za ku ɗauko kuma ku tambaye shi tallafin da ya taɓa ci, ya gudanar, ya rufe. Iya magana da majigi daban, wannan daban. Ku kuma roƙi hukuma ta sa wa'adin cikin gida, kwana goma na aiki kafin na waje, don takarda ta samu bi ta ofisoshi, kuma kada a wayi gari ranar ƙarshe mai sa hannu yana Abuja, intanet kuma ta ɗauke. Rahoton da kwamitinku zai miƙa bayan wata shida ya ƙunshi takardu nawa aka aika da inda kowace ta tsaya.

Takardunka biyu na baya kada ka jefar. Wadda aka ce ba ta tsallake ba, rubuta gajeriyar wasiƙa cikin ladabi ka nemi dalili ko sharhin masu tantancewa, wasu suna bayarwa. Wadda ba a amsa ba, bincika ko ta ma fita daga jami'a, ko akwai lambar shaidar karɓa da ta shigo imel ɗinka. In ka yarda, ka cire sunanka daga ɗaya, ka buga kwafi 20, a yi aikin jan biro a kanta a safiyar farko ta bitar.