Ciko ya lotsa: laifin injiniya ne ko na ɗan kwangila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili a gurbin wani tsohon kududdufi, na ɗauki injiniyan gwajin ƙasa ya auna wurin ya rubuta rahoto, sannan ya leƙo sau uku lokacin da ɗan kwangila yake zuba ciko. Damina ɗaya kacal daɓen ya lotsa, katanga ta tsage. Shin injiniyan ne zai biya ni?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka ɗora wa kowa laifi, ka ɗauko yarjejeniyarku ka duba abin da aka ɗauki injiniyan ya yi, domin leƙowa jefi-jefi daban take da tsayuwa a kan aiki daga safe zuwa yamma, kuma kuɗinsu ma ba ɗaya ba ne.

A ƙa'ida, ba a juye ciko lokaci guda. Ana fara kwashe shara da laka, sannan a shimfiɗa jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa kaurinsa santimita 15 zuwa 30, a jiƙa shi daidai, a bi da rola, a gwada daɓuwarsa kafin a rufe shi da na sama. Yawanci ana neman kashi 95 cikin 100 na ma'aunin gwajin Proctor, wato gwajin da ke nuna iyakar daɓuwar da ƙasar za ta iya yi, wanda aka san shi tun 1933. Hawan da aka binne ba a gaban injiniya ba, alhakinsa yana wuyan ɗan kwangila, tun da shi ke da ma'aikata da injina, shi ke ba su umarni.

Sai dai wannan bai wanke injiniyan ba. Idan rahotonsa bai ambaci ruɓaɓɓiyar sharar da ke ƙarƙashi ba, alhali ramukan gwaji za su nuna ta, ko ya ga ana zuba ciko barkatai ya yi shiru, ko kuma ya sa hannu cewa aikin duka ya inganta bayan zuwa uku kawai, to ya yi sakaci. A ganina, na ukun nan ne ya fi jefa injiniyoyi cikin shari'a, domin masu gini kan matsa a ba su takarda.

Ka nemi rahotannin ziyararsa uku da sakamakon gwaje-gwajen, ka sa wani injiniya ya sake haƙa wurin. Ƙorafin rashin bin ƙa'idar sana'a ana kai shi hukumar COREN mai kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, amma diyya sai ta hanyar sulhu ko kotu.