Amsa ga ƙaninmu da ke tambayar yadda ake cin ranar hutu a Dubai

Wa alaikumus salam. Ƙanena, sau uku na karanta tambayarka kafin na iya rubuta komai. Ka ce watanka bakwai a Dubai, daga aiki sai gado, ranar hutu kuma ka ja labule ka kwanta da waya har Magariba, kuɗi ba ya taruwa, rai ba daɗi, kana tambayar mu da muka daɗe ina muke zuwa, me muke yi. Wallahi kamar labarina aka ba ka ka rubuta. A 2019 na sauka, kuma shekara biyun farko haka na yi su, babu abin da ka rage.

A unguwar Alkuz na fara, ɗaukar kaya a sito. Mu takwas a ɗaki, gado huɗu masu hawa biyu, ni a sama daf da esi. 'Yan Nefal uku, 'yan Pakistan biyu, ɗan Bangaladesh ɗaya, ɗan Yuganda ɗaya, sai ni. Mutanen kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsu ba, ɗaya daga 'yan Pakistan ɗin ma shi ke tashina Asuba. Amma sai in yi kwana goma ban yi Hausa da kowa ido da ido ba. Ka tashi a unguwar da kafin ka kai bakin titi ka gaisa da mutum ashirin, da dare ga majalisa ga musun ƙwallo, sai ga ka inda kowa in ya dawo zai rataya bargo a jikin gadonsa ya toshe kunne. Bargona ruwan ƙasa ne mai ratsin fari. Har yau in na ga irinsa a shago sai gabana ya faɗi.

Wannan kaɗaicin ne ya kai ni hannun wanda ya cuce ni, shi ya sa halin da kake ciki ya ba ni tsoro. A wani masallaci a unguwar Nayif na gamu da shi bayan an sauko Juma'a, lokacin Juma'a ce ranar hutu, kafin gwamnati ta mayar da shi Asabar da Lahadi a farkon 2022. Na ji yana waya da Hausa, Hausar ma irin ta garinmu, na tsaya har ya gama na yi masa sallama. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ya riƙe hannuna bai saki ba, ya tambaye ni ɗan wace unguwa ne, ya ja ni ɗakinsu. Ranar na ci tuwon shinkafa da miyar kuka, rabona da shi wata tara. Ina ci ina share ido. Daga nan duk Juma'a can nake wuni. Yaya nake ce masa. Har lambar mahaifiyata ya karɓa, yana kiranta yana cewa Hajiyarmu, ita kuma tana sa masa albarka, tana ce min in riƙe shi da kyau tunda Allah ya haɗa ni da na gari a baƙon wuri.

Sana'arsa tura wa mutane kuɗi gida. Ka ba shi dirhami a hannu, a saka wa naka naira a asusu, kuma farashinsa ya ɗara na shagunan canji. Sau huɗu na gwada shi da ƙanana, kafin in koma Alkuz kuɗi sun shiga. Da bikin ƙanwata ya matso sai na kwashe tarin wata goma sha ɗaya, dirhami dubu shida da ɗari biyar, kuɗin gado da katifa da kayan kicin, na ƙirga masa a kan dardumar da muke salla. Ko takarda ban karɓa ba. Wa ke neman takarda a wurin yayansa? Ya ce gobe da safe. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama wai banki ne ke da matsala, a rana ta biyar waya ta daina shiga. Da hutu ya zagayo na je ɗakin, na tarar da wani ɗan Sudan a gadonsa, ya ce ai tun Talata ya kwashe kayansa. Mu bakwai muka haɗu a ƙofar nan ranar, kowa da nasa. Akwai wata baiwar Allah mai aikin gida, kuɗin aikin idon mahaifinta ne, ta zauna a ƙasa daɓas ta ɗora hannu a ka, ko kuka ta kasa.

An ce mu kai ƙara. Da me? Ba rasit, ba shaida, sunan da muka san shi da shi ma ashe ba shi ne a fasfonsa ba. Amma ba kuɗin ne ya fi yi min ciwo ba, kiran mahaifiyata ne. Kwana uku ina ɗaga wayar ina ajiyewa. A daren na huɗu na fita na zauna a matakalar bene, watan Agusta, ƙarfe ɗaya na dare amma iska kamar daga bakin murhu, rigata ta jiƙe sharkaf. Goma ke nan a gida, na san ba ta kwanta ba. Na faɗa mata. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ta yi salati, sannan ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Shi ke nan abin da ta ce. Daga baya ƙanena na gida ya gaya min tumakinta biyu da ɗankunnenta na gado ta sayar aka yi wa yarinyar kayan ɗaki. An yi biki, na kalla a bidiyo a bayan bargon nan. Mutumin da ya ci tuwo kwano ɗaya da ni, ya kira uwata da bakinsa ya karɓi albarkarta, alhali ya san abin da yake shiryawa. Ana ta ce min in yafe. Na bar shi da Allah, iyakar abin da na iya ke nan. Har yau in na bi ta layin nan a Nayif sai na ɗaga kai na kalli tagar.

Bayan nan wata biyar ban fita ranar hutu ba. Na daina yarda da duk mai jin Hausa. Ɗan Yugandan nan ne, Kirista ne ma, wata Juma'a da yamma ya yaye bargon ya jefo min takalmin ƙwallo, ya ce ba zai tafi ba sai da ni. Wani fili ne na yashi a bayan sito-sito, 'yan Gana, 'yan Kamaru, 'yan Sudan, raga kuwa duwatsu biyu. Minti ashirin na yi numfashi ya ƙare. Amma a daren na yi barcin da na daɗe ban yi ba. To ka ga abu na farko da zan ce maka: ka nemi inda ake buga ƙwallo kusa da ku, ko ba ka iya ba, ko gola ce ka tsaya. Kada ka ce sai Hausawa. Mutum ɗaya tak da ka rataya a wuya shi ne haɗari. In kana da mutum goma da kuke gaisawa, ba wanda zai saye ka da kwanon tuwo.

Wanki da guga ka yi su daren jajibirin hutu, komai gajiya, don in ka bar su sai sun cinye maka ranar. Da safe kuma kada ka taɓa TikTok kafin ka sa takalmi. Na san yadda take, ka ce minti biyar, ka ɗago kai an kira Azahar. Da zafi, daga Yuni zuwa Satumba, fita biyu ce kawai: bayan Asuba ko bayan La'asar sakaliya. Ba wasa ba ne, don hukuma da kanta ta hana aiki a cikin rana daga 12:30 zuwa 3:00 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. In aikinka na waje ne kuma ana sa ku a lokacin, ka san an take doka. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa garin nan aljannar mai yawo da ƙafa ne, asara ce ka kwanta.

Kuma kada wani ya ce maka sai da kuɗi ake shaƙatawa a nan. Ka hau Metro koren layi ka sauka Dera, ka shiga abra, kwalekwalen katakon nan, dirhami ɗaya ya tsallaka da kai Bar Dubai. Ni nakan tsallaka in dawo, in sake tsallakawa, don iskar ruwan kawai. In na sauka in sayi shayin karak in zauna ina kallon manyan jiragen katako ana loda musu firji da tayoyi da buhunan shinkafa za su Iran da Somaliya, masu dako suna ta ihu da harsuna biyar. Sai in tuna Kantin Kwari da safe, raina ya yi sanyi. Wurin shaƙatawa na Mamzar dirhami biyar ne shiga, da katin Nol ɗinka na hawa Metro da bas, ga teku ga inuwa ga wurin gashi, ku haɗa kuɗi ku huɗu ku sayi kaza ku tafi da yaji. Ka dai tambaya tukuna, akwai ranakun da mata da yara kaɗai ake bari. Ɗakin karatu na Muhammad bin Rashid da ke Jaddaf, wanda aka gina da siffar abin ɗora Alƙur'ani, kyauta ne, ga sanyi ga shiru. A 2022 aka buɗe shi, kuma a can na yi karatun jarrabawar SIRA, ta lasisin masu gadi, da na samu na bar ɗaukar kaya na koma gadi. Sau ɗaya a wata uku ka hau bas daga tashar Gubaiba, dirhami 25, ka je Abu Dabi ka yi salla a masallacin Shehu Zayid. Ka je ko sau ɗaya ne.

Manyan kantuna ka shiga ka sha esi, ka kalli rawar ruwan da ke gindin Burj Khalifa, amma ranar da albashi ya shiga ka bar katinka a ɗaki. Nan ma ina da ƙorafi a kan wasunmu. Mutum yana kwana a gadon haya su goma a ɗaki, ya ari agogo ya jingina da motar wani ya ɗau hoto ya watsa. Mutanen gida su gani su ɗauka shara ake yi da kuɗi a titi, sai kira ya yi ta shigowa: kuɗin makaranta, kuɗin suna, wane zai ja jari. Kai kuma kunya ta hana ka cewa babu. Ƙanena, ka faɗa wa iyayenka albashinka na gaskiya, ka nuna musu ɗakin da kake kwana ta Botim, manhajar kiran bidiyo. Ni ranar da na juya kyamara mahaifiyata ta ga gadajen nan, ita da kanta ta tare min rabin masu roƙo. Ka yanke abin da za ka tura duk wata, ka tura ta shagon canji mai lasisi, ka miƙa katin shaidarka, ka karɓi rasit ka adana. Ko farashinsu bai kai na ɗan hannu ba, ka haƙura da ragin. Don Allah ka ji wannan ko ba ka ji sauran ba.

Ka koyi girki. Abincin kanti kullum shi ke cin kuɗi, ga shi ba ya ƙosar da ɗan Arewa. Fatake suna zuwa sarin kaya Dera, ana samun kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yajin ƙuli a hannunsu, ka zuba a gwangwani mai murfi don 'yan ɗaki kada warin daddawa ya dame su. Kifi kuma kasuwar Waterfront, ka je da sassafe. Ranar da ka tuƙa tuwo da hannunka ka zuba wa ɗan Nefal ya ce a ƙara, za ka ji kai ma mutum ne mai gida.

Ba ka faɗi ko ana ba ka hutun cikakke ba. Doka ta ce aƙalla kwana ɗaya a mako, in an sa ka aiki a ranar a musanya maka da wata ko a biya ka da ƙarin rabi, kuma bayan shekara kana da kwana 30. Fasfonka ba wanda ke da ikon riƙe shi. In an danne ka akwai ma'aikatar ƙwadago, MOHRE, ana kai kuka ta manhajarsu. Kwana 30 ɗin nan ka je gida, kada ka sayar da shi. Ni na ƙi tafiya lokacin da aka rufe wa 'yan Najeriya biza daga 2022 zuwa Yulin 2024, don tsoron kada in fita dawowa ta gagara, kakata ta rasu ban gan ta ba. Wannan ma yana nan a raina.

Azumi in ya zo kada ka sha ruwa kai kaɗai a kan gado. Masallatai suna shimfiɗa leda, dabino da nonon laban da shinkafar biryani, ka zauna cikin mutane. Ranar Salla ka sa kayanka na gida har hula, ko da yamma za ka shiga aiki. Kuma ka kiyaye ɗaukar mutane hoto ba izini, da tsallaka titi inda ba a ce ba, tara ce mai zafi.

Lokacin ruwan 16 ga Afrilun 2024 na maƙale a wurin aiki kwana biyu, hanya ta yanke, waya saura kaɗan ta mutu. Mutum shida ne suka neme ni su ji ko ina lafiya, biyar 'yan filin ƙwallon nan ne. Yanzu ranar Lahadi muke bugawa bayan La'asar. Ka gaya min ranar hutunka da unguwar da kake, in ta yi daidai in zo tashar Metro in tare ka. In ba ka da takalmi akwai nawa na biyu, lamba 43.