Ku Tambaya Mu Amsa: Yaƙin Hamada a Kan Tebur

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu biyar ne a Yantala, muna haɗuwa daren Asabar muna buga yaƙin zamanin shigowar Turawa da ƙananan sojojin roba da ƴaƴan lido. Amma kullum wanda ya riƙe Faransa shi ke ci, har abokai sun fara ja da baya. Dokarmu ce ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dokarku ta yi daidai da tarihi, kuma nan ne matsalar take. A Omdurman ta Sudan, ranar 2 ga Satumba 1898, mayaƙan Halifa Abdullahi sun taso wa rundunar Ingila da Masar da Kitchener ke jagoranta a fili fetal, aka kashe musu mutum sama da 10,000, ɓangaren Kitchener kuwa ko 50 ba su cika ba. Duk wanda ya shimfiɗa fili babu tudu babu kwari, wannan ranar zai yi ta maimaitawa.

Ku yi lissafin da kanku. A ce soja 12 ke harbi, kowanne da ɗan lido ɗaya, 5 ko 6 ke kashewa: kusan mutum 4 ke faɗuwa a kowane zagaye. In bindiga na kaiwa santimita 60, masu takobi kuma na tafiyar santimita 15 a zagaye, sai sun sha wuta sau huɗu kafin su iso. Huɗu sau huɗu, 16, ƙungiyar mutum 16 ta ƙare ƙurmus ba ta taɓa kowa ba.

Kada ku rage ƙarfin bindiga, yin haka ƙarya ce ga tarihi. Ku ɗora wa Bature abin da ya dame shi da gaske, wato ƙishirwa, nisa da rashin sanin ta inda za a ɓullo masa. Ku kafa rijiya a ƙarshen tebur, ku ba shi ƙwallon dabino 10 a matsayin salkunan ruwa, kowane zagaye a ɗauke ɗaya. In suka ƙare bai kai ayarinsa bakin rijiya ba, ya faɗi, ko da bai rasa soja ɗaya ba. Wannan kaɗai zai hana shi kafa sahu ya zauna jira. Yaƙin Abu Klea na Janairu 1885 a Sudan ma kan hanyar rijiyoyi aka yi shi, kuma a ranar Ansar, wato mayaƙan Mahadi, sun kutsa cikin sahun Ingilishi mai kusurwa huɗu.

Shi kuma ɗaya ɓangaren, kada ya jera mayaƙansa tun farko. A ba shi marfin kwalba 9, ya rubuta lamba a cikin 4, kowace lamba ƙungiyar mayaƙa guda, sauran 5 yaudara ce. Yana tura su a kife, ba a buɗe marfi sai ya zo santimita 30 daga soja. Harbi ya koma sau biyu kenan, mutum 8 za su iso, in ƙungiya biyu suka faɗo lokaci guda kuwa sai wani ikon Allah. In aka yi gaba da gaba, mai takobi ya kashe da 4, 5 ko 6, soja da 5 ko 6. A ƙara da cewa duk sojan da ya yi tafiya a zagaye, rabin harbi gare shi. Sannan ku riƙa musanya ɓangare kowane mako, don kada a laƙaba wa mutum ɗaya sunan Nasara har abada.

Tambaya: Ina son yaƙin ƙasarmu, amma akwatunan da ake aiko mini daga waje duk sojojin Faransa masu farar hula ne da Larabawa. Yaya zan yi? Daga Tawa.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da tsare Agadas. Kawsan, jagoran mayaƙan Abzinawa, da Sarkin Abzin Tagama sun kewaye barikin Faransa daga Disamba 1916 har 3 ga Maris 1917, ranar da rundunar ceto ta iso daga Damagaram. Ya dace da tebur saboda Kawsan na da bindigogin zamani har da igwa, ba takobi zalla ba, don haka harbi na fitowa daga kowane ɓangare. Mai bariki ya ci in ya jure zagaye 12, kuma daga zagaye na 8 a riƙa jefa ɗan lido, in 6 ta fito ceto ya iso da wuri. Wasan ya tsaya a nan. Kisan da aka yi wa mutanen gari da malamai bayan shigar rundunar ba abin wasa ba ne.

Masu farar hular nan na Aljeriya da Maroko ne. Barikokin nan ƙasar sojan baƙar fata masu jar dara ne suka cika su, da hafsoshin Faransa ƙalilan. Sa reza ka yanke bakin hular da ƙyallen wuya, ka shafa ja, ka samu dara. Larabawan kuma su koma Abzinawa: yanki takardar goge hannu faɗin milimita 3, tsoma ta cikin farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, ka naɗe fuska da tsinken sakace har ya rage ido kawai. Rawani shuɗi mai duhu kamar na baba, garkuwa doguwa daga siririn kwali, launin fatar mariri. Ka tsaya kan ma'auni ɗaya. A namu ganin 1/72 ya fi, mutum bai wuce santimita biyu da rabi ba, akwati kan ɗauki soja 40 zuwa 50, kuɗin aikowa da sauƙi. Na milimita 28 sun fi kyau a ido, sun fi cin aljihu, sun kuma fi cin fili.

Tambaya: Fenti na ɓarewa daga bindigogi da masu bayan wasa biyu ko uku. Mene ne dalili?

Amsa: Dalili biyu ne. Robar tana fitowa daga masana'anta da maiƙo a jikinta, kuma mai laushi ce, tana lanƙwasa, busasshen fenti kuwa ba ya lanƙwasa. A wanke su da sabulun wanke kwano da tsohon buroshin haƙori, su bushe sarai. A shafe su da farin gam, kashi ɗaya gam kashi ɗaya ruwa, a bari su kwana. Sai fentin akirilik mai sirkuwa da ruwa, shafi biyu sirara, a rufe da wani shafin gam ɗin. Fenti ya shiga tsakanin fata biyu masu lanƙwasa. Fentin mai na ƙofa da taga ba na wannan aiki ba ne, yakan daɗe yana danƙo a kan roba.

In za a yi amfani da na fesawa, da sassafe. Cikin zafin Afrilu yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai jikin soja ya yi ƙurzunu. Lokacin hunturu a kife roba a kansu har su bushe, saboda ƙura. A manna kowane soja kan washar ƙarfe mai faɗin santimita 2, irin wadda ake samu a kasuwar Katako, a riƙa ɗaukarsa ta nan, ba ta bindiga ba.

Tambaya: Na zuba yashi na gaske a kan tebur, sojoji sai faɗuwa suke, uwargida kuma ta kafa doka. Mafita?

Amsa: Uwargida ta fi ka gaskiya, Malam. Nemi yadi mai kauri launin ƙasa, santimita 180 da 120, ka cusa tsummoki ko littattafai ƙarƙashinsa su zama tuddai. In kana son tudu na dindindin, fere farin soson da ke zuwa cikin kwalin firiji, gangarensa a kwance yadda soja zai tsaya, shafa farin gam, barbaɗa yashin da aka tankaɗe da rariya, kaɗe ragowar, sake bi da gam mai ruwa. Fentin fesawa da gam mai kamawa nan take suna narkar da soson, kada su taɓa shi tsirara. Gidajen laka a yi su da kwali a yaɓe da gam haɗe da yashi mai laushi, don laka zalla tsagewa take in ta bushe. A ajiye su cikin akwatin ƙarfe ko na roba a saman kanta, don gara na cin kwalin da aka bari a ƙasa.