Da me ake gane cewa ƙwaro sabo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce an gano wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare a Amurka, har an raɗa masa sunan Donald Trump. Ni dai waɗanda nake gani suna zagaye fitila duk kamarsu ɗaya. Da me masana ke gane cewa wannan sabo ne? Daga wani manomin tumatir, Kura, jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Labarin gaskiya ne, Malam. A watan Janairun 2017, ana gab da rantsar da Trump, wani masanin ƙwari mai suna Vazrick Nazari ya wallafa bayanin ƙwaron a mujallar ZooKeys, ya kira shi Neopalpa donaldtrumpi. Ana samunsa a kudancin Kalifoniya da yankin Baja na ƙasar Meziko. Ko ya baje fikafikai, faɗinsa kimanin santimita 1 ne kawai. Wani ɗan tozon gashi mai ruwan ɗorawa da ke goshinsa shi ya ja masa sunan, don ya yi kama da gashin kan Trump.

Ba ma a daji Nazari ya tsinto shi ba. Busassun ƙwari ya aro daga ma'adanar Bohart ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, yana cikin dubawa sai ya ga wasu sun fita daban da ɗan'uwansu Neopalpa neonata, wanda aka sani tun 1998.

Ka yi gaskiya da ka ce kamarsu ɗaya. Launi a wajen waɗannan ƙananan ba abin dogaro ba ne, ƙurar fiffike na gogewa, kuma jinsi biyu kan yi shiga iri ɗaya. Don haka masana al'aurar ƙwaron suke dubawa, musamman ta namiji. Kada ka yi dariya, a nan hujjar take. Sai a cire ƙarshen cikinsa, a jiƙa a sinadarin da ke narkar da tsoka, a shimfiɗa abin da ya rage a kan ɗan gilashi, a sa a madubin ƙara girma. Kowane jinsi da irin ƙirar ƙugiyoyinsa da lanƙwasarsu. Aiki ne na mai haƙuri da hannu marar rawa, don abin bai kai ƙwayar gero ba.

Bayan nan sai gwajin DNA, wato sinadarin gadon halitta da ke jikin kowane mai rai. Ƙafa ɗaya ta isa. Akan karanta wani yanki na DNA ɗin mai haruffa 658, hanyar da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, a gwada da na danginsa. In ƙira da DNA sun yi baki ɗaya, sai a ware ƙwaro guda ya zama wakilin jinsin, a maƙala masa jar takarda, a ajiye a ma'adana inda duk mai ja zai je ya gani da idonsa. Sannan a rubuta siffarsa, a buga. Kafin a buga, suna bai zauna ba.

Kai da kake noman tumatir, ai ka san ɗan gidansu. Ƙwaron nan 'sharon' da ya cinye gonaki a Kano da Kaduna a 2016, wato Tuta absoluta, zuriyarsu ɗaya da na Trump, ana ce mata Gelechiidae. A wurinmu baƙo ne, amma Edward Meyrick ya siffanta shi tun 1917 daga ƙasar Peru, ya kuma ɓulla a Sifaniya a 2006. Da ba don wannan tsohon rubutu ba, da an daɗe ana lalube kafin a san da wa ake faɗa. Shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa wannan sana'a ɓata lokaci ce.

In ka ga wanda ba ka gane ba a gonarka, kada ka murje shi da yatsa. Tsinko ganyen da tsutsar ke ciki, ka sa a kwalba mai ƙananan huda har ta rikiɗa ta fito da fiffike. Rubuta gari da kwanan wata da sunan shukar, ka miƙa wa malamin gona ko masu binciken ƙwari na Samaru a Zariya.