Ƙanena, abin da ya same ka kan sharhin kwamik ni ma ya taɓa samuna

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun bayan sallar asuba na ga tambayarka, sai da na karanta ta sau uku kafin hannuna ya iya rubutu. Ka ce wata huɗu ke nan kana sharhin kwamik, wato littattafan labari cikin zane, na aljanu da matsafa, fitowa bayan fitowa, masu karantawa na cewa labarin kawai kake maimaita musu har ka tona ƙarshensa, sannan wani ya biyo ka a ɓoye ya ce tsafi kake tallata wa yaran mutane. Kana tambaya yadda ake sharhin fitowa ɗaya alhali labarin bai ƙare ba, da kuma ko ka haƙura ka bari gaba ɗaya. Kada ka bari. Maganar tsafin nan ita ta tsaya mini a maƙogwaro, domin da ita aka raba ni da alƙalamina wata bakwai cur.

Tsofaffin 'yan wannan zaure sun san wani ɓangare na labarin, amma ban taɓa ba da shi duka ba. Shekara uku da suka wuce, cikin azumi, na rubuta sharhin fitowa ta 50 ta The Sandman, wadda aka sa wa suna Ramadan, ta 1993. Neil Gaiman ya rubuta, P. Craig Russell ya zana. Labarin Halifa Haruna Rashid ne a Bagadaza, birnin ya kai maƙurar kyau har halifa ya shiga fargabar ranar da zai gushe, sai ya kira sarkin mafarki don su yi ciniki. Mako biyu na yi ina rubutun nan bayan tarawihi. Na yaba zanen, domin har gobe ban ga wanda ya zana kubbobi da kasuwa da sararin dare kamar yadda Russell ya yi a shafukan nan ba. Na kuma yi ƙorafi mai tsawo cewa Bagadazan da ke ciki ta tatsuniyar Turawa ce, ta darduma mai tashi da kwalaben aljanu, ta yi nisa da birnin malamai da masu fassara da muka karanta a tarihi. Na saka shi a wani zauren makaranta littattafai na WhatsApp da nake ciki a lokacin.

Akwai wani bawan Allah a zauren, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Ya ci abinci a gidanmu ba sau ɗaya ba. Ni na ara masa waya lokacin da tasa ta faɗa ruwa. Shi ne ya ɗauki hoton rubutuna, ya yanke. Jimlar da na rubuta ta fara da “a cikin wannan ƙagaggen labari”, ya datse wannan, ya bar inda na ce halifa ya roƙi sarkin mafarki ya adana masa birninsa. Duk sakin layin da na soki littafin ya zubar da shi. Ya tura guntun nan zauren danginmu, ya rubuta a ƙasa cewa a yi mini addu'a, na fara koya wa yara roƙon wanin Allah.

Ban san abin da ake ciki ba sai da Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure kan tabarma, shi da ƙannensa biyu, ba wanda ya amsa gaisuwata da kyau. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, “Kai ka rubuta wannan?” Na ce ni ne, amma Baffa a bari in nuna cikakken rubutun. Ya ce ba ya buƙata, abin da ya gani ya ishe shi. Ina durƙushe, wayata na hannuna, rubutun na buɗe, ba wanda ya yarda ya kalla. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau, hujjata tana tafin hannuna amma an hana ta magana. Da na shiga cikin gida na tarar da Hajiya tana kuka a bakin murhu, ta ce ita dai ta roƙe ni in tuba kafin azumi ya fita. Kwana biyu bayan haka islamiyyar da nake koyar da yara Asabar da Lahadi suka ce in ɗan huta tukuna. Yaran da na koya wa alif da ba, iyayensu suna kawar da kai idan mun haɗu a layi. Sallar nan ko sabuwar rigata ban sa ba.

Shi Yaya kuwa har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Muna haɗuwa a ɗaurin aure, ya miƙo hannu yana murmushi, in karɓa saboda Allah. Na yafe iya abin da zuciyata ta iya, amma ba zan yi maka ƙarya in ce na manta ba. Ƙanwata ce daga baya ta zauna ta karanta wa Hajiya rubutun daga farko har ƙarshe, sannan gida ya lafa.

To abin da na koya da zafi: kada ka bar jimlar da za a iya yanka. Sunan marubucin da kalmar “labari” ka riƙa cusa su a tsakiyar jimla, inda almakashi ba zai raba su da maganar ba. Kuma wanda ya biyo ka a ɓoye, kada ka yi jayayya da shi, ka ce ya zo fili ya faɗa inda kowa zai ga cikakken abin da ka rubuta. Idan kai kanka zuciyarka na ɗar-ɗar da wani littafi, je ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa. Ni ma akwai waɗanda na ajiye. Hellblazer fitowa 300 ya yi daga 1988 zuwa 2013, na karanta kaɗan na tsaya, domin akwai shafukan da ba zan iya ɗora sunana a ƙarƙashinsu ba, kuma ban ga laifin in faɗi haka a fili ba.

Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai aka taɓa yi wa wannan kallo. A Amurka, inda abin ya fito, majalisar dattawa ta yi zama kan kwamik a 1954, kuma a shekarar kamfanoni suka kafa wa kansu dokar tacewa da ta hana zana masu shan jini da gawa mai tafiya da mutum mai rikiɗa kyarkeci. Sai a 1971 aka sassauta, shi ya sa za ka ga a 1972 irin su Tomb of Dracula da Ghost Rider da Swamp Thing suka ɓullo kusan lokaci guda. Idan kana sharhin tsohuwar fitowa, sanin wannan na taimaka maka ka gane dalilin da ya sa wasu abubuwan aka zana su a kaikaice.

Sai maganar maimaita labari. Gaskiya suka faɗa maka, kuma ni ma da haka na fara. Fitowa ɗaya ta Amurka shafi 20 ne zuwa 22 na labari, cikin minti goma an gama. Idan ka ba da labarin duka, me ka bar wa mai karatu? Ni yanzu jimla uku nake ba labari, kuma ba na wuce sulusin farko na shafukan. Ka lura ko a sama ban faɗa maka yadda cinikin halifa ya ƙare ba, duk da cewa shafukan ƙarshen nan sun amsa wani ɓangare na ƙorafina, kuma su ne suka fi taɓa ni a duk littafin.

Abin da ya gyara mini rubutu shi ne karanta fitowa sau uku. Na farko don daɗi. Na biyu in ƙi karanta maganganun, in bi zane zalla, in ga ko na gane abin da ke faruwa. Na uku in bi maganganun kaɗai. A karatu na biyu sharhi yake ɓoye, ƙanena, kuma yawancinmu da muka taso da littattafan yaƙi da na soyayya ba mu saba da shi ba, idonmu kalmomi yake nema. Ɗauki Hellboy na Mike Mignola, wanda jerinsa na farko mai fitowa 4 ya fito a 1994. Kusan rabin shafi baƙi ne wuluk. Ana tsakiyar magana sai ya saka ƙaramin akwatin zane babu kalma ko ɗaya, fuskar gunki ko tsuntsu a kan reshe, sannan a koma magana. Wannan ɗan shirun shi ke sa tsigar jiki tashi. Wanda ya ba da labarin fitowar kawai ba zai taɓa ambaton tsuntsun nan ba, domin a labari bai yi komai ba.

Kuma don Allah ka riƙa kiran sunayen masu aikin. Na duba sharhinka biyu da ka saka a nan, marubuci kaɗai ka ambata. Akwai mai zane, akwai mai launi, akwai mai rubuta maganganu a cikin kumfa, wato da'irar da ake zuba maganar mutum a ciki. A Sandman, maganar sarkin mafarki farin rubutu ce a kan baƙar kumfa mai karkataccen gefe, aikin Todd Klein, kuma tun kafin ka karanta kalma ɗaya ka riga ka ji muryar ba ta ɗan Adam ba ce. A labarin sihiri launi ma magana yake yi. Duba ko launin shafi na canzawa idan an tsallaka daga duniyarmu zuwa wata, in bai canza ba ka tambayi kanka ko da gangan ne.

Wani abu da waya ke cutar da mu a kai: juya shafi. Masu zane na ajiye abin firgici a shafin da ba ka gani sai ka juya, akwatin ƙarshe na shafin dama shi ke jan ka. Mu da ke karantawa a waya akwati bayan akwati, wannan dabarar ɓacewa take. Ina ba ka shawara ka koma ka kalli shafin a cikakkensa ko da rubutun ya yi ƙanana, kafin ka yanke hukunci cewa fitowa ba ta da tsoro. Na taɓa kushe wata fitowa a kan haka, da na ga ta takarda a hannun wani aboki sai na dawo na janye maganata a fili. In manga, wato kwamik na Japan, kake yi kuma ka tuna wa sababbi cewa daga dama ake farawa kamar ajami, mutane da yawa sun ce mini ba su gane labari ba, ashe a juye suke karantawa.

Batun labarin da bai ƙare ba kuwa, yawanci ana tsara shi ne fitowa 5 ko 6 da za a haɗa littafi guda daga baya. Saboda haka ka faɗa wa mai karatu a ina ake, farko ne ko tsakiya, kuma kada ka hukunta fitowa ta uku don ba ta warware komai ba. Abin da nake tambaya shi ne, wanda ya biya dala 3.99 ko 4.99, wanda a kuɗinmu ba ƙaramin abu ba ne, me ya samu a wannan watan da ba shi da shi a watan jiya? Wani sirri ya buɗe, ko wani ya yi asara, ko an nuna mana sabuwar ƙa'idar duniyar? Fitowar farko ta Monstress a 2015 kusan ninki uku ta yi na girman da aka saba, kuma ina ganin dole ce ta sa, domin duniyar da Marjorie Liu da Sana Takeda suka gina ba za ta shiga shafi 22 ba. A labarin sihiri kuma ina sa ido kan farashi. In matsafi ya yi abu bai biya komai ba, jininsa ko hankalinsa ko wani nasa, to wata mai zuwa marubuci zai fitar da shi daga kowane rami da sabon siddabaru, tsoro ya mutu ke nan. Wannan kana iya ganinsa a fitowa ɗaya tak.

Ga kuma abin da kake da shi wanda masu sharhi na can ba su da shi. Idan masu zanen can suka zana aljani, sau da yawa shuɗin ƙato ne mai fita daga fitila yana cika buri uku. Kai ka taso kana jin a bar zuba ruwan zafi a ƙasa ba bismilla, a bar zama gindin tsamiya da tsakar rana, a shigo da yara in magariba ta yi. Ka san yadda tsoron abin da ba a gani yake a cikin gida. Ka auna shafin da wannan sanin, ka faɗi inda suka dace da inda suka yi wasan yara. Ni na daina ba da taurari ko maki saboda mutane maki suke kallo su wuce. Kada ka riƙa ɗora shafuka cikakku ma, akwati biyu ko uku sun isa hujja, sauran haƙƙin masu shi ne. Ka leƙa na gida kuma, Comic Republic da ke Legas sun daɗe suna sakin nasu kyauta a intanet, kuma ban ga wanda ke musu sharhi da Hausa ba.

Shi wancan da ya biyo ka, ka ajiye hoton saƙonsa da cikakken rubutunka wuri guda, da kwanan wata. Ka kuma karanta wa wani babba a gidanku sharhi ɗaya da bakinka tun yanzu, tun kafin wani ya kai musu guntu. Da na yi haka da Hajiya ba ta yi kukan nan ba. Turo mini wanda kake rubutawa yanzu kafin ka saka shi, ka faɗa mini fitowa ta nawa ce, in sha Allah zan duba maka shi daren nan bayan isha'i.