Ba sai ka iya wasan ba

Malam, ka tambaya ko dole sai mutum ya iya wasan kafin ya karanta littattafan Ravenloft. A'a wallahi. Ni ko ɗan lidon nan nasu mai fuska 20 ban taɓa jefawa ba. Asali Ravenloft ya fito ne a 1983 a matsayin wani ɓangare na wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons, littattafan daga baya suka biyo.

Ka fara da I, Strahd na 1993. A labarin, Strahd mai mulkin ƙasar Barovia ne ya kashe ƙaninsa Sergei saboda son amaryarsa Tatyana, ya rikiɗe mai shan jini, hazo ya rufe ƙasar, ba fita. Kada ka ɗauka mayen gida ne: namu kurwa yake kamawa, wannan haƙori yake kafawa a wuya.

A zaurenmu na Ƙofar Sauri na karanta shi da tocila, an ɗauke wuta. Jemage na giftawa na ja a'uzubillahi.